Lambar 'Yanto da Matuƙi Arnaud Langer: Daga Duwala Zuwa Sararin Faransa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi aikin soja na Arnaud Langer, wani matuƙin jirgin jefa bama-bamai, da lambar jarunta da aka ba shi a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi a ƙasar Hausa suka fi sani da Yaƙin Hitila. Ko da yake abin da ya jawo masa lambar a Turai ya auku, rundunar da ya yi wa aiki a Duwala da Maiduguri ta samo tushe, ita ma lambar a Afirka aka ƙirƙiro ta. Manufar maƙalar ita ce ta nuna wannan dangantaka, ta kuma duba rabon da mutanen New Bell suka samu.

2.0 Duwala a Shekarar 1940

Jamusawa ne suka shata New Bell gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, da nufin kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri su mayar da su can. Masu ƙasa suka ƙi, har aka rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell a ranar 8 ga Agusta 1914. A zamanin Faransawa sai wurin ya zama zangon baƙi: Hausawa 'yan kasuwa da mahauta, da Bamilike, da Basa, da Ewondo. Daga cikinsu ne ake samun 'yan dako na tashar jiragen ruwa da leburorin reluwe. Filin jirgin saman garin kuma yana maƙwabtaka da unguwar.

A watan Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa. Gwamnatin Bishi ta miƙa wuya, shi kuwa Janar de Gaulle ya gudu Landan ya ce yaƙi bai ƙare ba. Sai dai ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa. Ranar 26 ga Agusta Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayansa. A daren nan kuma Leclerc ya tsallako cikin kwalekwale daga Kamarun Ingilishi da mutum ashirin da 'yan kai, gari na wayewa Duwala ta shiga hannunsa. De Gaulle da kansa ya sauka a garin ranar 8 ga Oktoba, bayan ya kasa kama Dakar.

3.0 Kafuwar Rundunar Lorraine

Jiragen ruwan da suka juyo daga Dakar sun sauke matuƙa da makanikai da jiragen sama a cikin akwatuna a Duwala, a nan aka harhaɗa su. Wannan rukuni, ƙarƙashin Lionel de Marmier, shi ya yi yaƙin Gabon a watan Nuwamba. Wani rukunin kuma ya biyo hanyar da Ingilishi suka buɗe ta kai jirage Masar, wadda ta taso daga Takoradi ta ratsa Legas da Kano da Maiduguri da Hartum, ya yada zango a Maiduguri. A watan Disamba 1940 aka haɗe su runduna guda a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau.

Jiragensu ƙirar Blenheim ne masu inji biyu. Aikinsu na farko shi ne jefa bama-bamai a kan sansanin Italiyawa na Kufra, a kudancin Libiya, a watan Fabrairu 1941. Hamada ta fi abokan gaba haɗari: wani jirgi ya ɓata hanya ranar 5 ga watan, ba a ga gawarwakin mutum ukun da ke cikinsa ba sai a 1959. A watan Satumba 1941 aka raɗa wa rundunar suna Lorraine a Dimashƙa. Ta yi yaƙin Libiya, sannan a 1943 aka kai ta Ingila, ta zama runduna ta 342 a cikin sojan saman Birtaniya, aka ba ta jirage ƙirar Boston.

4.0 Ranar 25 ga Janairu 1944

Sai an san yadda aka ƙera Boston kafin a gane girman abin da ya faru. Kujerar tuƙi ɗaya ce, babu mataimakin matuƙi. Mai duba hanya, wanda shi ne kuma yake saita bam, yana zaune a hancin jirgin cikin ɗaki na gilashi, ba shi da hanyar isa ga matuƙi. Mai rediyo da bindiga yana baya. Abin da ya haɗa su kawai shi ne wayar magana da ke kunnuwansu.

A wannan rana an tura rundunar ta rusa wuraren da Jamusawa ke ginawa a arewacin Faransa don harba makamin V1 zuwa Landan. Langer, wanda aka haifa a 1919, shi ke tuƙi. Romain Gary ne mai duba hanya, René Bauden kuma mai rediyo. Bindigar kakkaɓo jirage ta same su, ɓaraguzan gilashi suka shiga idanun Langer ya daina gani, Gary kuma ya ji rauni a ciki. Duk da haka ba su juya ba. Abokansa suka zama idanunsa, suna faɗa masa ya yi dama ko hagu, ya ɗaga ko ya sauke, har suka jefa bama-bamansu, suka tsallake teku, ya saukar da jirgin a Ingila ba tare da yana ganin ƙasa ba. Daga baya ya warke ya koma tuƙi. Gary, wanda ya zama shahararren marubuci, ya ba da labarin a littafinsa La Promesse de l'aube na 1960.

5.0 Lambar 'Yanto

De Gaulle ya kafa wannan lamba a Barazabil ranar 16 ga Nuwamba 1940. Tagulla ce mai siffar garkuwa, da takobi da gicciyen Lorraine a jikinta. Ƙyallenta kore ne da baƙi: baƙin na makokin ƙasa, koren na fatan 'yanci. Wanda aka ba wa ana kiransa Abokin 'Yanto, kuma babu hawa-hawa a cikinta, janar da kurtu daraja ɗaya suke. Mutum 1,038 kaɗai suka same ta, da garuruwa 5, da rundunoni 18. An rufe bayar da ita a 1946, in ban da Churchill da Sarki George na Shida da aka ƙara daga baya. Langer da Gary sun same ta a 1944, rundunar Lorraine kuma a 1945. Na ƙarshen masu ita, Hubert Germain, ya rasu a 2021.

6.0 Rabon New Bell

A nan ne ɗalibi ya kamata ya tsaya ya yi nazari. Daga cikin sojoji kusan 400 da Leclerc ya kai Kufra, wajen 300 'yan Afirka ne. Kamaru ta ba da sojoji da roba da aikin tilas. Amma baƙaƙen Afirka da suka sami lambar ba su kai ashirin ba, daga cikinsu akwai Georges Koudoukou na Ubangi-Shari. Kafin a kai rundunar Leclerc Turai ma sai da aka cire sojoji baƙar fata daga cikinta.

Su kuwa mazauna New Bell, tsadar rayuwa da ƙarancin albashi suka tarar bayan nasara. A watan Satumba 1945 ma'aikatan reluwe na Bonaberi suka shiga yajin aiki, abin ya bazu cikin Duwala. Turawan gari suka ɗauki makamai, har aka yi amfani da jirgin sama wajen harbin masu zanga-zanga. Garin da aka harhaɗa jiragen 'yanto Faransa shekara biyar kafin nan, shi ne ya ga jirgi yana harbin mutanensa. A 1948 aka kafa jam'iyyar UPC mai neman 'yancin Kamaru a Duwala, New Bell kuma ta zama babbar cibiyarta.

7.0 Kammalawa

Jaruntar Langer ba abin musu ba ce, kuma ba shi kaɗai ya yi ta ba, domin da babu muryar abokansa da jirgin bai sauka ba. Haka ita ma rundunarsa ba ta tashi ba sai da taimakon 'yan dako da leburori da sojojin Duwala da Maiduguri da Fort-Lamy, waɗanda ba a rubuta sunayen yawancinsu ba. Bayan yaƙi Langer ya zama matuƙin jirgin farar hula, ya rasu a haɗarin jirgi a Fort-Lamy a 1955, garin da aka kafa rundunarsa. Mutum-mutumin Leclerc an kafa shi a Bonanjo, tsohuwar unguwar Turawan Duwala, kilomita kaɗan daga New Bell.