Gansakuka da Kaɗanya: Bambancinsu da Hanyoyin Kiyaye Su

Gabatarwa

Idan ka je bakin kogin Gurara, kusa da Gawu Babangida, da damina, za ka tarar koriyar gansakuka ta lulluɓe duwatsun da ke cikin inuwa. A gonakin yankin kuwa ga itatuwan kaɗanya. Dukansu tsirrai ne, amma masana sun sanya su a rukuni dabam-dabam, kuma sanin bambancin zai taimake ka wajen kula da gonarka.

Rabe-rabensu

Gansakukar da ake nufi a nan ita ce mai fitowa a kan dutse da jikin itace, ban da wadda ke yawo a kan kududdufi. Tana cikin rukunin Bryophyta, mai nau'i kimanin 12,000 a duniya. Ba ta da saiwa ta sosai, ba ta da jijiyoyin da ke kai ruwa sama, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Tana yaɗuwa ne ta wasu ƙwayoyi masu kama da ƙura, kuma sai da danshi take hayayyafa.

Kaɗanya kuwa, wadda masana ke kira Vitellaria paradoxa, tana cikin tsirrai masu fure, waɗanda nau'insu ya kai kimanin 300,000. Tana da saiwa mai zurfi, tana fure da rani, ƙudan zuma na taimaka mata wajen barbara. Takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara ba da kaɗe.

Kiyayewa

A shekarar 1998 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya kaɗanya cikin itatuwan da ke fuskantar barazana. Saran ta don yin gawayi da ƙunar daji su ne manyan matsalolinta. Gansakuka kuma inuwa da danshi take bukata. Idan aka sare itatuwan bakin rafi, sai ta bushe, ƙasar da take rufewa ta buɗe, zaizaya ta biyo baya.

Don haka:

1. Kada ka sare kaɗanya mai 'ya'ya.
2. Lokacin sharar gona, ka bar ƙananan da suka tsiro da kansu, ka kafa musu alama.
3. Ka share ciyawa a gindinsu kafin lokacin ƙunar daji.
4. Ka bar itatuwan bakin rafi.

Malamin gona ya riƙa duba jikin duwatsu da itatuwa da damina. Inda gansakuka ta ɓace, a binciki abin da ya sami inuwar wurin, a tattauna da manoma.