Yadda masu kiwon mesa ke shawo kanta idan ta ƙi cin abinci

A gidajen Amurka da Turai, ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo don sha'awa ita ce ƙaramar mesar Afirka ta Yamma da masana ke kira Python regius, wadda kan dunƙule kamar ƙwallo idan ta tsorata. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma daga Ghana da Togo da Benin aka fi fitar da ita. Ana samunta a dazukan Najeriya ma. Sai dai ta yi suna da wani hali da ke tayar wa masu ita hankali: takan yi watanni ba ta kai komai bakinta ba.

A mafi yawan lokuta, ƙin cin ba ciwo ba ne. Mesa na ɗauke wa abinci kai a lokacin sanyi da lokacin barbara, musamman namiji, haka kuma idan ta kusa yin saɓa, sa'adda idanunta ke dusashewa. Tun da ba ta samar wa jikinta ɗumi da kanta, ba ta iya narkar da abinci a wuri mai sanyi.

Saboda haka gogaggun masu kiwo kan fara duba akwatin da take ciki kafin su sauya abincin. Gefe ɗaya ya kai digiri 31 zuwa 32 na ma'aunin Salshiyos, ɗayan kuwa 25 zuwa 26, danshin iska kuma kada ya gaza kashi 50 cikin ɗari. A daji, cikin ramin ɓera ko suri take wuni, don haka tana buƙatar matsattsiyar maɓoya mai duhu a kowane gefe. Mesar da aka bari a sarari, ana yawan ɗaukarta, tsoro kan hana ta ci.

Bayan nan sai yadda ake miƙa abincin. Da dare take farauta, kuma da wasu ƙananan ramuka a leɓenta take jin ɗumin abin da za ta kama. Shi ya sa ake narkar da daskararren ɓera, a ɗumama shi, a miƙa mata da dogon hantsaki bayan an rage haske. Kaurinsa kada ya zarce mafi kaurin jikinta. Barin ɓera mai rai tare da ita haɗari ne, domin yakan gatsa mata cizo. Idan ta ƙi, a dakata mako guda kafin a sake gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Sikeli ne ke raba azumin ɗabi'a da rashin lafiya. Babbar mesar da nauyinta bai sauya ba ana iya jiranta, amma ƙarama ba ta da kitsen da za ta jure. Idan nauyi ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari, ko ƙashin baya ya fito, ko ana jin ƙara a numfashinta, ko majina a baki, to lokacin ganin likitan dabbobi ya yi. Ɗura kuwa ita ce mataki na ƙarshe, kuma a hannun ƙwararre kaɗai, domin tana iya raunata maƙogwaro ta ƙara wa mesar firgita.