Fassarar kalmar «atypique» a gwajin ƙullutun mama

Idan aka tsotso ƙwayoyin ƙullutun mama da siririyar allura, tsarin Yokohama na 2019 ya kasa sakamakon gida 5: samfuri bai isa ba, babu sankara, «atypique», zargin sankara, sankara tabbas. Wahalar tafinta tana gida na 3. In ya ce «ba komi», mace tana iya daina zuwa asibiti; in ya ce «sankara», ya wuce abin da gwaji ya nuna. Ma'anar ita ce wasu ƙwayoyin sun sauya kama, amma hujja ba ta cika ba. Galibi ba sankara ba ce, amma akan sake ɗibar tsoka da allura mai kauri. Don haka muke ganin a ce: «ba a tantance ba tukuna, sai an sake gwaji».