Haɗin Kai A Wurin Aiki: Dalilin Da Ya Sa Albashi Kaɗai Ba Ya Gamsar Da Ma'aikaci

A ranar 29 ga watan Yulin 2024, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya rattaba hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Sai dai masana harkar gudanarwa sun daɗe suna nuna cewa kuɗi, duk da muhimmancinsu, ba su kaɗai ke sa ma'aikaci ya gamsu da aikinsa ba.

A shekarar 1959, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, ya wallafa sakamakon tattaunawar da ya yi da injiniyoyi da akantoci kimanin 200. Ya gano cewa ƙarancin albashi, rashin kyawun muhallin aiki da rashin jituwa da shugabanni ko abokan aiki su ne ke jawo ƙorafi, amma gyara su kaɗai ba ya haifar da himma. Abin da ke haifar da ita shi ne ma'aikaci ya ga amfanin aikinsa, a yaba masa, a kuma damƙa masa alhakin wani abu.

Nan ne haɗin kai ke shigowa. Inda ake ɓoye wa juna bayanai, ko babba ya ɗauke yabon aikin da na ƙasa da shi ya yi, ma'aikaci yana rasa zaman lafiya da yabo baki ɗaya.

Asibitocin gwamnati a Najeriya misali ne bayyananne. Jinyar mara lafiya ɗaya tana buƙatar likita, ma'aikacin jinya, mai harhaɗa magunguna da mai gwaje-gwaje, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk da haka, an shafe shekaru ana takun-saƙa tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da haɗakar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ta JOHESU kan tsarin albashi da shugabancin asibitoci. A 2018, yajin aikin JOHESU ya gurgunta asibitocin tarayya na tsawon makonni, inda marasa lafiya suka ɗanɗana kuɗarsu.

A ma'aikatun gwamnati, tabbacin aiki da fansho na kwantar da hankali, amma idan ƙarin girma ya dogara kan shekaru da jarrabawa kawai, mai ƙwazo kan yi sanyi. Hakan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin tarayya ta fara maye gurbin tsohon fam ɗin tantance ma'aikata na shekara-shekara, wato APER, da tsarin auna sakamakon aiki.

A kamfanoni masu zaman kansu kuwa, matsalar ta sha bamban. A bankuna, alal misali, akan ɗora wa kowa adadin kuɗin da zai kawo, lamarin da kan mai da abokan aiki abokan hamayya. Haka kuma ma'aikatan kwantiragi na yin aiki iri ɗaya da na dindindin, amma albashi da alawus ba ɗaya ba.

Gyara yana farawa ne daga shugaba: ya fayyace aikin kowa, ya auna nasarar sashe baki ɗaya tare da ta mutum, ya saurari na ƙasa, ya kuma raba horo da ƙarin girma bisa adalci. Idan aka rasa waɗannan, ƙwararru kan tafi, talakan da ya zo neman hidima kuma shi ke shan wahala.