Bugun Zuciyar Mai Ciki Da Nauyin Jaririnta

A Tozai da sauran garuruwan ƙasar Isa da Sabon Birni, in aka haihu a gida, da ido ungozoma takan kimanta jariri, ta ce ya zo da ƙwari, ko kuwa ɗan ƙarami ne. A wurin likitoci kuwa, maganar nauyin jariri tana somawa ne watanni kafin haihuwa, daga zuciyar uwarsa.

Dalili shi ne abinci da iskar da ɗan tayi ke bukata duk ta jinin uwa suke isa gare shi, ta hanyar mabiyiya. Saboda haka jinin mai ciki yakan ƙaru da wajen kashi 40 cikin 100, zuciyarta kuma ta ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti ɗaya yayin da ciki ya tsufa. Wannan ƙari alamar lafiya ce. Bincike ya nuna cewa matan da 'ya'yansu suka kasa girma a ciki, sau da yawa zuciyarsu ba ta tura jini isasshe, jijiyoyinsu kuma ba su saki yadda ya kamata ba.

Amma fa ba kowane saurin bugu ne alheri ba. Idan mace tana zaune tana hutawa, bugun ya zarce 100 a minti, ga haki da jiri, to ya kamata a duba ko ƙarancin jini ne ko zazzaɓin cizon sauro. Waɗannan biyu sun yi yawa a ƙasar Gobir, musamman da damina, kuma suna cikin manyan dalilan haihuwar jariri ƙasa da kilo 2.5. Irin wannan jariri ya fi saurin kamuwa da sanyi da cututtuka a makonnin farko.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta je awo sau 8. Ga matar ƙauye da nisa da rashin tsaron hanya suka raba da asibitin Isa, hakan ba ƙaramin aiki ba ne. To amma ƙirga bugu a wuyan hannu yatsu biyu da agogo kawai yake bukata. In aka koya wa ungozomomi da ma'aikatan ɗakin shan magani wannan, za a gane matar da ya wajaba a kai ta gwajin jini tun da sauran lokaci.