Ina Shinkafar Kawu Ta Shiga?

Kawuna manomin shinkafa ne a ƙasar Tudun Wada, yankin da duk Kano aka san shi da shinkafa. Shekara da shekaru kuɗin yini yake biyan 'yan ƙwadago a lokacin kaka. Da ya gaji da ganin ana ɓata rana a gindin bishiya, sai ya koma jinga: iya buhun da ka buga, iya kuɗinka. Aikin mako guda ya ƙare a kwana huɗu, buhunan kuma suka kai na bara. Kawu ya yi hamdala.

Murnar ba ta daɗe ba. Da aka kai shansherar inji aka cashe, abin da ya fito bai kama ƙafar na bara ba. Ina ragowar ta shiga?

Mai inji muka fara zargi. Muka ɗauki buhu biyu muka kai wani injin, Kawu na tsaye har aka gama. Sakamakon bai canza ba, mai inji ya fita.

Sai muka koma kan iri da taki. Amma maƙwabcinsa na gona, wanda suka sayo kaya tare a Kwanar Ɗangora ta Kiru, lafiya lau ya samu. Jan-baki ma bai sauka a fadamar ba a wannan shekarar. Ɓarawo kuwa buhu yake ɗauka, ga buhuna cif.

Ranar nan na cusa hannu cikin wani buhu har gwiwar hannu. Abin da na damƙo, na hura shi, kusan rabi ya bi iska. Ƙaiƙayi ne da holoƙo. Ashe sheƙar sama-sama aka yi. To, ita ƙwayar fa?

Amsar tana gona. Muka tarar da mata masu kala sun zagaye tulin karan shinkafar, kowacce kwanonta ya kusa cika. Kawu ya zaro dami ɗaya ya maka a jikin durom, sai ga ƙwaya tana zuba shaa a kan tamfal.

Ya kira shugaban masu bugun. Mutumin ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ai buhu ka ce. Bugun farko da na biyu su ke cika buhu. Wanda ya tsaya yi wa dami bugu na biyar, 'yan'uwansa sun wuce shi."

Nan asiri ya tonu. Babu wanda ya saci ko tiya ɗaya. Ma'aunin ne ya koya musu gaggawa. Da kaka ta zagayo, Kawu ya ce a sikeli za a biya bayan sheƙa, da ƙarin lada ga ƙungiyar da aka duba karan da ta buga ba a samu ƙwaya ba. Shi ma ya ɗauki alkawarin biya a ranar, ba jeka-ka-dawo.

Daga masu noman rani da ruwan Tiga a Bebeji har masu masara a Doguwa, da shugabannin ofis da ke son biya gwargwadon ƙwazo, kirana ɗaya ne: jinga adalci ce ga mai himma, amma kafin ka yanka ta, tabbatar abin da za ka ƙirga shi ne ainihin abin da kake so. Wanda ya biya kuɗin buhu, buhu za a ba shi.