Ba a fafe gora ranar tafiya: binciken gidajen tsofaffi a Faransa

Masu karatu, a ƙasashen Turai idan ƙarfin tsoho ya ƙare, sau da yawa ba a gidan ɗansa yake ƙarasa kwanakinsa ba. Akwai gidaje na musamman inda ake biyan kuɗi, a ba shi ɗaki, a ciyar da shi, a yi masa wanka da magani. A Faransa waɗannan gidaje, da ake kira EHPAD, sun kai kimanin 7500, mazauna cikinsu kuwa wajen 600,000 ne. Waɗansu na hukuma ne, waɗansu na ƙungiyoyin taimako, waɗansu kuma na kamfanoni masu neman riba. To, mutumin da ba ya iya tashi daga gado, wani lokaci ma ya mance sunan ɗiyarsa, wa zai kai masa ƙara in an zalunce shi? Dalilin kafa doka da masu bincike ke nan.

Dokar ranar 2 ga Janairu 2002 ita ce ginshiƙi. Ta wajabta wa kowane gida ya miƙa wa sabon shiga ɗan littafin bayani, da takardar haƙƙoƙinsa, da yarjejeniyar zama a rubuce. Ta kuma ce a kafa majalisa inda tsofaffi da danginsu za su faɗi albarkacin bakinsu. Izinin buɗe gida na shekara 15 ne, kuma hukumar kiwon lafiya ta jaha, watau ARS, tare da shugaban majalisar gunduma, su ke ba da shi, su ke kuma sa ido. Bayan tsananin zafin da aka yi a Agusta 2003, wanda ya halaka mutum wajen 15,000, galibinsu tsofaffi, sai aka ƙara sharaɗi: kowane gida ya tanadi ɗaki mai sanyi da rubutaccen shirin gaggawa.

Masu bincike suna da ikon su zo ba sallama, ba sanarwa. In sun shigo, sukan nemi jerin ma'aikata, su ga mutum nawa ke gadin dare, su duba takardun shaidar masu jinya. Sukan buɗe ma'ajiyar magani, su gwada abin da lokotoro ya rubuta da abin da aka ba majinyaci. Sukan karanta rajistar waɗanda suka faɗi, da ta awon nauyi, domin ramar tsoho ita ke tona asirin tukunya. Inda suka iske aibi, hukuma na iya ba da umarnin gyara, ko ta naɗa shugaban wucin gadi, ko ta rufe gidan ɗungum.

Amma fa doka a takarda daban, aiki da ita daban. A Janairu 2022 wani ɗan jarida, Victor Castanet, ya fitar da littafi a kan kamfanin Orpea, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a. Ya ba da labarin yadda ake ƙididdige abinci da ƙunzugun tsofaffi don a rage kashe kuɗi, alhali dangi na biya da tsada. Ƙasa ta ɗauki zafi. A watan Maris na shekarar gwamnati ta yi alkawarin bincika gidajen nan duka cikin shekara 2. A Maris 2025 ta sanar cewa an duba kashi 96 cikin 100, an kuma hukunta gidaje 55. Sai dai da yawa daga cikin binciken nan a kan takardun da gidajen suka aiko aka yi shi, ba a taka ƙafa an je ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Shugaban da ya iya biro yana iya cika kundi cikin dare ɗaya, amma ba ya iya warkar da gyambon kwanciya a bayan tsohuwa cikin dare ɗaya. Shi ya sa tsarin auna inganci da Babbar Hukumar Lafiya ta fitar a 2022, wanda ake bi duk shekara 5, ya ce a zauna da tsohon da kansa, a ji ta bakinsa, sa'an nan a gwada da abin da ma'aikata suka ce.

Saboda haka shirin bincike na gaskiya ba shara da fenti ba ne a jajiberen zuwan baƙi. Shi ne a rubuta magani lokacin da aka ba da shi, a sanar da hukuma hatsari ranar da ya faru, a amsa koken dangi tun bai zama ƙara ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ma'aikacin da aka ba amanar marar ƙarfi, tsoho ne ko maraya ko naƙasasshe, ya yi aikinsa na yau kamar gobe da asuba masu bincike za su ƙwanƙwasa ƙofa.